Ya ci 231 bai samu likitanci ba: wane kwas za a canza masa?

Baban Khalifa, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jami'a. Ɗan yayata ya ci 231 a JAMB, ya nemi likitanci, jerin sunaye na farko da na biyu duk sun fito babu shi. Darussan da ya zauna su ne Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. WAEC ɗinsa zama ɗaya ce, kiredit bakwai har da Turanci da lissafi. Shekararsa 18. Yanzu gida ya rabu biyu, wasu na cewa ya koma Bayokemistiri tunda kusa yake da likitanci, wasu na cewa ya haƙura ya sake JAMB baɗi. Wanne ya fi?

Malamin Kemistiri, Jega:
Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Kafin a zo kan wane kwas, ku fara gano abin da ya hana shi. Ba kowane rashin gurbi ba ne daga ƙarancin maki. A buɗe shafinsa na JAMB, a shiga CAPS, wato sashen da JAMB ke ba da gurbin karatu ta cikinsa, a duba abu huɗu.

Sakamakon WAEC ɗin yana ciki? Yara da yawa suna rajista da "ina jiran sakamako", sakamakon ya fito su manta ba su koma cibiyar CBT, inda ake rajista da jarrabawar JAMB a kwamfuta, an ɗora shi ba. Wanda babu sakamakonsa a CAPS, ko 300 ya ci jami'a ba za ta iya tura sunansa ba. Sai a duba jihar asali da ƙaramar hukumar da aka rubuta masa. Sai sashen da jami'a ke neman amincewar ɗalibi idan tana son mayar da shi wani kwas: sau da yawa jami'ar ta riga ta yi masa tayin wani sashe, yaro bai san da shi ba, tayin yana nan yana jiran ya danna amincewa. Na huɗu shi ne wurin da wasu makarantu masu sauran gurabe ke aiko wa ɗalibi gayyata.

In duk waɗannan lafiya lau, to maganar maki ce, kuma 231 a likitanci gaskiya da wuya.

Hajiya Malama, Gusau:
Bari in ƙara bayani kan dalilin wuyar, don gida su daina ganin kamar an yi masa rashin adalci ne. Gurbin likitanci ba jami'a kaɗai ke yanke yawansa ba. Majalisar likitoci, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta horar, gwargwadon asibitin koyarwarta da malamanta. Sannan jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi kowa maki daga ko'ina a ƙasa, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a masu ƙarancin ilimin boko. Kebbi da Zamfara suna cikin rukunin ƙarshen, amma kada a ruɗu da hakan, jihohi sama da ashirin ne a ciki, kuma a cikin 'yan jiharku ma gasa ake yi.

Kuma makin JAMB ba shi kaɗai ake kallo ba. Wasu jami'o'in suna raba shi da 8 ya koma bisa 50, sauran 50 ɗin su fito daga tantancewa ko darajar WAEC. 231 a raba da 8 ya ba da kusan 29. Yaro mai C5 da C6 a darussan kimiyya zai sha baya ga mai A1 da B2 ko da makinsu na JAMB ɗaya ne.

Ɗan Aliero:
Ni dai shawarata a taƙaice, ya karɓi Bayokemistiri ko Anatomi, ya dage a aji ɗaya, shekara ta zagayo ya nemi canjin sashe zuwa likitanci. Da zaman gida gara wannan.

Na Gummi:
Ɗan Aliero, yi haƙuri, wanga shawara ita ce tad daɗe tana ɓata ma yara lissafi. Canjin sashe cikin jami'a akwai shi a takarda, amma zuwa likitanci ƙofa ce ƙarama ƙwarai. Dalili shi na abin da Hajiya ta faɗi: adadin an ƙayyade shi tun farko. Sai in an samu gurbin waɗanda sunka faɗi a aji ɗaya, kuma gurbin nan masu DE, wato masu shiga kai tsaye aji biyu da wata shaidar karatu ta gaba da sakandare, su ma na jiran shi. Wasu jami'o'in ma sun rufe hanyar baki ɗaya. Inda anka bari, ana neman CGPA, wato matsakaicin makin ɗalibi a jami'a, na saman sama, kusan 4.50 bisa 5.00, kuma sai shugaban sashen da za ka bari da na wanda za ka shiga duk sun sa hannu, majalisar jami'a ta amince.

Abin da ka faruwa shi ne, yaro ya shiga Bayokemistiri da zuciyar ɗan haya, bai ɗauke shi nashi ba. Canji bai samu ba, gwiwa ta yi sanyi, aji biyu ya fara tara kwasa-kwasan da ya faɗi, ƙarshe ya fito da sakamakon da ko digiri na biyu ba ya kai shi. Duk kwas ɗin da za a zaɓa, a zaɓe shi da niyyar a nan za a ƙare.

Ɗan Aliero:
To ai akwai waɗanda suka gama Anatomi suka dawo likitanci.

Na Gummi:
Akwai, ta DE. Ka gama shekara 4, ka fito da aƙalla 2:1, wato CGPA 3.50 zuwa sama, ka yi bautar ƙasa, ka sayi fom ɗin DE, in an ɗauke ka ka faro daga aji biyu ka yi wasu shekara 5. Lissafa ka gani: 4 da 1 da 5, shekara 10 ke nan in babu yajin aiki, wanda ya sake JAMB ya samu kuwa 1 da 6 ne. Kuma gurabun DE na likitanci ba su da yawa.

Malamin Kemistiri, Jega:
Mu dawo kan abin da darussansa suka ba shi dama, domin nan ne mutane ke asarar kuɗin canji. Haɗin Bayoloji, Kemistiri da Fiziks yana buɗe wasu ƙofofi ya rufe wasu. Babu lissafi a cikin JAMB ɗinsa, kiredit ɗin WAEC kuma ba ya maye gurbin wannan. Saboda haka a cire injiniyanci kowane iri, a cire kimiyyar kwamfuta, lissafi, ƙididdiga, da Fiziks kansa. Cibiyar CBT za ta iya karɓar kuɗi a danna masa kimiyyar kwamfuta, amma ranar da aka zo tantancewa haɗin darussan ne zai jefar da shi.

Abin da ya rage masa kashi biyu ne, kuma bambancinsu shi ne zuciyar maganar.

Akwai kwasa-kwasan da ke ƙarewa da lasisin aiki: harhaɗa magunguna, jinya, kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton asibiti, gashin ƙashi, likitan haƙori, likitan dabbobi. Kowanne da majalisar da ke rantsar da kai ta ba ka rajista. Jinya, gwaje-gwaje da hoto shekara 5 ne, likitan dabbobi 6, harhaɗa magunguna 5 a tsohon tsari, 6 a sabon.

Akwai kuma na kimiyya zalla, shekara 4: Bayokemistiri, Maikurobayoloji, Anatomi, Fisiyoloji, Kemistiri, Bayoloji, ilimin tsirrai da na dabbobi. Digiri ne cikakke, amma ba ya ba ka lasisin taɓa marar lafiya ko sa hannu a sakamakon gwajinsa. Wanda ya karanta Maikurobayoloji, majalisar masana gwajin asibiti, MLSCN, ba ta yi masa rajista, ko da ya fi kowa sanin ƙwayoyin cuta. Haka SLT, wato fasahar ɗakin gwajin kimiyya, da ake yi a kwalejojin fasaha, horo ne na ɗakin gwajin makarantu da masana'antu da cibiyoyin bincike, wata hukuma ce daban ke kula da shi. Iyaye da yawa suna jin "lab" su ɗauka duk ɗaya ne, sai bayan shekara huɗu a gane.

A shafin JAMB akwai kundin IBASS, kyauta ne, za ka zaɓi makaranta da kwas ya nuna maka darussan JAMB da na WAEC da ake buƙata, har da sharuɗɗan da wata jami'a ta ƙara nata. A karanta shi kafin a biya ko sisi.

Nas Mai Ritaya, Argungu:
Malam ya yi bayani, amma kada Baban Khalifa ya ɗauka rukunin farkon nan a buɗe yake. Duk wanda likitanci ya kayar, can yake gudu. Jinya da harhaɗa magunguna a jami'a yanzu gasarsu ta kusa kamo ta likitanci, musamman a jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato inda duk yaran Kebbi, Zamfara da Sakkwato ke rububi. Kuma a wannan lokaci na shekara, bayan jeri biyu sun fita, yawanci an cike su.

Hanyar da ake rainawa ita ce kwalejin jinya. Akwai a Birnin Kebbi, akwai a Gusau. An mayar da yawancin makarantun jinya tsarin ND da HND, wato ƙaramar difloma da babba, ana shiga ta JAMB, kuma a 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince musu shi ne 140, na jami'a 150, na kwalejojin fasaha da na ilimi 100. Mai 231 yana da ƙarfi sosai a can. Lasisin jinya majalisa ɗaya ce ke ba da shi, NMCN, ko daga jami'a ka fito ko daga kwaleji, bayan ka ci jarrabawarta. Daga baya mutum na iya shiga jami'a ta DE ya ɗora digirin a kai, yana da sana'a a hannu.

Sharaɗinsu dai kiredit biyar ne: Turanci, lissafi, Bayoloji, Kemistiri, Fiziks, a zama ɗaya ko biyu. Sai jarrabawar shiga tasu da ganawa baki da baki. Kuma maza na yin jinya, kada wani a gida ya ce aikin mata ne, a leƙa ɗakin tiyata ko na haɗari a gani.

Baban Khalifa, Birnin Kebbi:
Nas, na gode. Matsalar ita ce mahaifinsa digiri yake so. Ya ce shi bai yarda da difloma ba.

Nas Mai Ritaya, Argungu:
To a tambayi mahaifin nasa, bayan shekara huɗu me yake son gani, kwali ko aiki? Ba wai ina rage darajar digiri ba ne. Amma a lissafa masa a fili inda mai Bayokemistiri ke samun aiki: koyarwa, sashen duba ingancin kaya a masana'antar abinci ko magani, hukumomi irin NAFDAC in an buɗe ɗauka, tallan magunguna ga asibitoci, ko ya ci gaba zuwa digiri na biyu da na uku ya zama malamin jami'a. Waɗannan hanyoyi ne na gaske, amma yawancinsu suna Kano, Kaduna, Abuja da Legas, kuma suna son sakamako mai kyau. In yaron mai son ɗakin gwaji ne, kuma zai iya fita da 2:1, babu laifi. In don sunan ya yi kama da asibiti ne, a sake tunani.

Likitan Dabbobi, Zuru:
Ina karanta ku tun ɗazu, kowa ya ambaci likitan dabbobi ya wuce kamar bai gani ba. Darussan yaron nan su ne daidai abin da ake nema. Shekara 6 ne, ana karanta Anatomi, Fisiyoloji, ilimin magunguna, ilimin cututtuka, tiyata, ka fito da digirin DVM, majalisar likitocin dabbobi ta yi maka rajista. Akwai tsangayar a jami'ar Danfodiyo da ABU Zariya. Gasarsa ba ta kai ta likitan mutane ba, duk da ba a samunsa a arha.

Ku dubi inda muke. Jihohi biyun nan, Kebbi da Zamfara, na kiwo ne: shanu, tumaki, raƙuma, ga gidajen kaji da ke ƙaruwa, ga kifin Yauri da Argungu. Mai lasisin nan ba lallai ya jira gwamnati ba, zai iya buɗe shagon magungunan dabbobi da allurar rigakafi, ya riƙa zagaya gonakin kaji, ya yi aiki da kamfanonin abincin dabbobi, ko sashen duba nama a mahauta. Cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, irin su haukan kare da murar tsuntsaye da tarin fuka na shanu, sun sa ƙungiyoyin lafiya ma suna ɗaukar su.

Amma in faɗi gaskiya, karatun ba sauƙi. Jarrabawar ƙwararru ake yi mataki-mataki, wanda ya faɗi ya maimaita, ya sake faɗi a mayar da shi wani sashe. Yaron da ke ƙyamar jini, kashi da warin garke kada a tura shi.

Sai noma. Jami'ar Noma ta Tarayya tana nan Zuru tun 2020, Aliero ma suna da tsangayar noma. Shekara 5 ne, shekara ta huɗu a gona ake yin ta. Haɗin Kemistiri, Bayoloji da Fiziks ya isa. Jihar da ke da fadamar shinkafa daga Argungu zuwa Suru, da albasar Aliero, da manyan injinan casa a Birnin Kebbi da Argungu, ga madatsar Bakolori a Zamfara, bai kamata yaranmu su riƙa ɗaukar kwas ɗin noma a matsayin hukunci ba. Kuma nan ne ake samun gurbi ko a jeri na ƙarshe.

Ɗan Aliero:
Dokta, noma kuma? Yaron da ya sa rai da farar riga?

Likitan Dabbobi, Zuru:
Shi ya sa na ce a tambaye shi. Cikin duk bayanin nan ban ji an faɗi abin da shi yaron yake so ba, sai abin da gida ke so. Baban Khalifa, ka zaunar da shi kai da shi, ba gaban mahaifinsa ba, ka tambaye shi wane darasi yake karantawa ba tare da an tilasta masa ba. Ka kuma duba takardar JAMB ɗin, kowane darasi da makinsa bisa 100. Wanda ya ci 70 a Bayoloji ya ci 45 a Kemistiri, Bayokemistiri da harhaɗa magunguna za su wahalar da shi, domin tun aji biyu Kemistiri ne tsagwaronsa.

Hajiya Malama, Gusau:
Tunda an tattauna kwas, ga yadda ake canjin, don nan ma ana tafka kuskure.

Kada a fara da JAMB, a fara da makarantar. A tabbatar kwas ɗin yana da sauran gurbi kuma ba su rufe rajistar tantancewa ba. Sanarwar tana fitowa a shafin makarantar, ko a je ofishin ɗaukar ɗalibai a tambaya. Wanda ya canza zuwa jami'ar da ta rufe tantancewarta ya bar ta farko, bai shiga ta biyu ba.

Bayan haka yaron ya je da kansa cibiyar CBT da JAMB ta amince da ita, ko ofishin JAMB na Birnin Kebbi ko Gusau, domin ana ɗaukar hoton yatsa. Ya riƙe lambar rajistarsa da layin wayar da ya yi rajista da shi. Layin nan kada ya ɓata, kada a bayar aro, saƙonnin JAMB ta nan suke zuwa. A sa sabuwar makarantar a zaɓi na farko, yawancin jami'o'i ba sa kallon wanda ya sa su na biyu. Kafin ya tashi daga gaban kwamfutar ya karanta abin da aka rubuta da idonsa, a buga masa sabuwar takarda. Sannan ya je shafin sabuwar makarantar ya yi rajistar tantancewa, wani lokaci sai an jira 'yan kwanaki kafin sunansa ya bayyana a wurinsu.

Idan kuwa cikin jami'ar da ya nema tun farko zai zauna, wasu suna buɗe nasu fom na canjin kwas, su tura tayin ta CAPS, shi kuma ya amince. Ba a gama ba sai gurbin ya fito a CAPS ya danna karɓa, ya buga takardar shaidar JAMB. Akwai wa'adi na 'yan makonni, in ya wuce ana iya ba wani. Kuma da zarar ya karɓa, ƙofar canji ta rufe a wannan shekarar.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi kowanne haɗari: duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai "saka sunan" yaro ba ta CAPS ba, a guje shi. Tun 2017 ta CAPS ake ba da gurbi. Ɗalibin da ya shiga ta bayan fage zai iya zama aji har ya gama, ranar tafiya bautar ƙasa a duba jerin JAMB babu sunansa.

Na Gummi:
In ƙara kan na Hajiya: a bincika ko hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar, in kuma mai lasisi ne, ko majalisar sana'ar ta amince. Biyun daban su ke. Sabbin jami'o'i na buɗe sassan lafiya da sauri, kuma abu ne mai kyau, amma ɗalibi ya san matsayin sashen kafin ya shiga, don in amincewar majalisa ta yi jinkiri, ajin farko su ka zama suna jira.

Makarantun da ke kusa da za a duba ko da sauran gurbi: jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau, duk biyun na 2013 ne, ta jihar Kebbi a Aliero wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, ta jihar Zamfara a Talata Mafara, da ta Zuru. Ɗan asalin Kebbi ya fi ƙarfi a Aliero da Birnin Kebbi bisa ga ko'ina.

Maman Husna, Talata Mafara:
Don Allah ku ba ni dama in shigo da tawa, kusan iri ɗaya ce. Ƙanwar maigidana ta nemi lauya da 224 ba ta samu ba. Ta zauna Turanci, Gwamnati, Addinin Musulunci da Hausa. A NECO tana da D7 a Adabin Turanci. An ce mata maki ne bai kai ba.

Malam Mai Alli, Maru:
Maman Husna, ko makin ya kai, D7 ɗin nan ya isa ya tsayar da ita. Karatun lauya yana neman kiredit a Adabin Turanci, kuma jami'o'i da yawa suna son a zauna shi a JAMB ma. Ga shi kuma Majalisar Ilimin Shari'a ta ƙayyade wa kowace tsangaya adadin da za ta tura makarantar lauyoyi, saboda haka gurbin a matse yake kamar na likitanci.

Da haɗin da take da shi, a duba kimiyyar siyasa, tarihi, aikin jarida, ilimin zamantakewa, nazarin Addinin Musulunci, Hausa, da digirin koyarwa na waɗannan darussa. A cire digirin Turanci, shi ma Adabi yake so. A cire akanta da tattalin arziki da harkar kasuwanci, suna buƙatar lissafi a JAMB. Harkar mulki kuma a duba IBASS, domin wasu jami'o'in suna neman Ikonomiks a ciki.

In zuciyarta na kan lauya, gyaran a bayyane yake: ta sake zana Adabin a NECO ko WAEC ta masu zaman kansu, NECO ana yi wajen Nuwamba da Disamba, WAEC kuma tana da zagaye biyu a shekara. Ta haɗa sakamako biyu in jami'ar ta yarda da zama biyu, a duba wannan tukuna. Sannan ta sake JAMB da Adabi a ciki. Lauya shekara 5 ne, sai shekara guda a makarantar lauyoyi. Mai Larabci ko Addini kuma yana da dama a tsangayoyin da ke haɗa shari'ar Musulunci da dokar ƙasa, kamar ta Sakkwato da ta Bayero.

Kuma tunda mace ce, a san da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, ta mata ce zalla. NCE shekara 3, daga nan DE zuwa aji biyu. Ga iyayen da ke tunanin nisa da halin da hanyoyinmu ke ciki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Maman Husna, Talata Mafara:
Allah ya saka da alheri, Malam. Za ta iya karɓar kimiyyar siyasa yanzu kuma ta sake JAMB tana ciki?

Malam Mai Alli, Maru:
Za ta iya. Abin da JAMB ke so shi ne ta bayyana a wurin rajista cewa ɗaliba ce a wata makaranta, kada ta ɓoye. In sabon gurbin ya fito sai ta ajiye tsohon, ba a riƙe biyu. Asararta kuɗin rajistar shekara ɗaya. Wahalarsa ita ce karatu biyu lokaci guda, jarrabawar zangon farko takan faɗo kusa da lokacin JAMB, in ba ta tsara ba duka biyun su raunana.

Malamin Kemistiri, Jega:
Wannan amsar ta shafi ɗan Baban Khalifa ma, kuma ita ce ta tsakiya tsakanin ɓangarorin gidansu biyu. Amma bari in faɗi ra'ayina kan sake JAMB, tunda babu wanda ya kare shi. Makin JAMB na shekara ɗaya ne, baɗi ba shi da amfani. Yaro ɗan 18 yana da lokaci, bautar ƙasa sai wanda ya haura 30 lokacin kammalawa ake cirewa. Idan 231 ɗin nan ya same shi ne ba tare da shiri na kirki ba, ba lasin, ba gwajin kwamfuta, to shekara guda ta karatu mai tsari na iya ɗaga shi sosai. Idan kuwa ya yi iya ƙoƙarinsa ne, ko wannan ne zama na biyu, maimaitawa da irin shirin da ya gabata zai dawo da irin makin.

Zaman ma a gida yana da sharaɗi: jadawali, tsofaffin tambayoyi na aƙalla shekara goma, manhajar JAMB a hannu, gwaji a kan kwamfuta da agogo. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 Turanci, 40 kowane darasi. Yara da yawa sun san amsa, lokaci ne ke cinye su a lissafin Fiziks da Kemistiri.

Akwai kuma IJMB, shirin share fagen shiga jami'a wanda ABU Zariya ke gudanarwa. Kusan shekara guda, darussa uku, a fito a nemi aji biyu ta DE. Ga Bayokemistiri ko noma ko koyarwa hanya ce mai kyau, shekarar ba ta tafi a banza ba. Ga likitanci kuwa sai mai sakamako kusan cikakke. A yi shi a cibiyar da ke da rajista, domin JAMB tana tantance sakamakon daga tushe kafin a ba da gurbi, kuma a sayi fom ɗin DE a kan lokaci ko da sakamako bai fito ba.

Baban Khalifa, Birnin Kebbi:
Mun buɗe CAPS ɗin da yamma. WAEC tana ciki, jiha daidai. Babu tayin canji. Makinsa: Turanci 58, Bayoloji 69, Kemistiri 49, Fiziks 55. Zama na farko ne. Na tambaye shi ni da shi, ya ce in ba likitanci ba, jinya ko likitan dabbobi, Bayokemistiri ba ya so. Saura maganar kuɗi, shekara shida ba wasa ba.

Likitan Dabbobi, Zuru:
To makin ya yi magana, Kemistiri 49 ba na Bayokemistiri ba ne. Gobe Litinin a tambaya ko likitan dabbobi na da sauran gurbi kuma suna karɓar canji, kafin a taɓa komai a JAMB. Amma ya sani Kemistirin nan zai same shi a aji ɗaya da aji biyu ko a can, ya fara gyara shi tun yanzu.

Nas Mai Ritaya, Argungu:
A lokaci guda a leƙa kwalejin jinya a ji ko fom ɗinsu na nan. Zaɓi na farko ɗaya ne a JAMB, don haka a ji amsar wurare biyun tukuna sannan a canza sau ɗaya.

Hajiya Malama, Gusau:
Kan kuɗi, akwai bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, na makarantun gwamnati ne. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, su ba ɗalibi naira 20,000 a wata in ya nemi na ɗawainiya, babu ruwa, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ana nema ne bayan an zama ɗalibi, da lambar JAMB, NIN, BVN da lambar ɗalibta, saboda haka kuɗin karɓar gurbi da rajistar farko ku tanade su da kanku. Sunan da ke kan NIN, JAMB, WAEC da asusun banki ya zama iri ɗaya harafi da harafi, Muhammad a nan Mohammed a can yana tsayar da takarda wata da watanni. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ma a karɓo ta yanzu, za a neme ta wurin tantancewa da wurin tallafin karatu na jiha.